Muhawarar Bashin IMF ta 1985 da Makomar Naira: Waiwaye Kan Gadon Shugabanni Uku

1.0 Gabatarwa

Ba kasafai gwamnati, balle ta soja, kan ɗauki wata babbar magana ta tattalin arziki ta ajiye gaban talakawa ta ce su tattauna ba. A Nijeriya an yi haka a ƙarshen shekarar 1985, lokacin da Janar Ibrahim Badamasi Babangida ya nemi jama'a su faɗi ra'ayinsu a kan ko ƙasar ta karɓi bashin sama da dala biliyan 2 daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wato IMF. An shafe kusan wata uku ana kai-kawo a jaridu da gidajen rediyo da ɗakunan taro na jami'o'i. Daga ƙarshe aka ce jama'a sun ƙi, gwamnati kuma ta bi ra'ayinsu. Wata tara bayan haka aka karya darajar naira fiye da yadda masu adawa da bashin suka yi tsammani.

Wannan maƙala za ta waiwayi yadda aka kai ga wannan muhawara, da abin da aka tambayi jama'a, da kuma abin da aka bari ba a tambaye su ba. Ra'ayin da za a kafa shi ne, tambayar da aka jefa wa 'yan Nijeriya ta kauce wa ainihin maganar, domin bashin shi ne ƙaramin al'amari a cikin batun. Babban al'amarin shi ne farashin naira, da kuma wanda zai ɗauki nauyin faɗuwarta.

2.0 Daga Shagari Zuwa Buhari

An fara amfani da naira ranar 1 ga Janairu 1973, a madadin fam, kuma shekarunta na farko sun dace da hauhawar farashin man fetur. A 1980 naira ɗaya ta kusa kai dala biyu a farashin gwamnati, kuɗin da ƙasar ta samu daga mai a wannan shekara kuwa ya kai kimanin dala biliyan 25. Wannan ƙarfi na naira ya zama abin alfahari, amma yana tafe da illarsa. Idan kuɗin ƙasa ya yi tsada, kayan waje kan yi arha, na gida kuma su rasa kasuwa. Shinkafar da aka ɗauko daga Tailan ko Amurka sai ta riƙa karya wadda aka noma a fadamun Sakkwato, manomin koko da na auduga kuma suka ga wahalarsu ba ta biya. Dalar gyaɗa ta Kano tuni ta zama labari.

Da farashin mai ya fara sauka a 1981, Cif Obafemi Awolowo ya rubuta wa Shugaba Shehu Shagari wasiƙa yana gargaɗin cewa tattalin arzikin ƙasa ya doshi halaka. Jami'an gwamnati suka ɗauki maganar a matsayin siyasa. Ba a cika shekara ba, a watan Afrilu 1982, gwamnatin ta kafa dokar tsuke bakin aljihu. A 1983 kuɗin mai ya dawo wajen dala biliyan 10, basussukan 'yan kasuwa na kayan da aka shigo da su ba a biya ba suka taru, aka fara magana da IMF. Sharuɗɗan asusun da suka fi tsauri guda uku ne: a karya darajar naira, a janye tallafin man fetur, a kuma buɗe ƙofar shigo da kaya. Shekara ce ta zaɓe, saboda haka babu wanda ya yi gigin sa hannu.

Janar Muhammadu Buhari, wanda ya karɓi mulki ranar 31 ga Disamba 1983, ya ƙi waɗannan sharuɗɗa uku, amma a sauran fannoni ya matsa fiye da yadda asusun ya nema. An rage ma'aikata, an tsayar da ƙarin albashi, an kuma ware kashi 44 cikin 100 na kuɗin ƙasashen waje da ake sa ran samu a 1985 domin biyan bashi. A watan Afrilu 1984 aka sauya launin takardun naira, aka rufe kan iyakokin ƙasa. Rufewar ta zo daidai da fari mai tsanani a Jamhuriyar Nijar, har mutanen can suka laƙaba wa yunwar wannan shekara suna 'Yar Buhari. A cikin gida kuwa, layin sukari da madara da sabulu ya zama abin yau da kullum.

Dabarar da gwamnatin ta fito da ita domin kauce wa IMF ita ce cinikin ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda: a ba da ɗanyen mai, a karɓi kaya. An ƙulla irin wannan yarjejeniya da Brazil a 1984, sa'an nan da kamfanonin Faransa da Ostiriya. A takarda abin ya yi kyau, tun da ba a buƙatar dala. A aikace kuwa, mai karɓar man yakan sayar da shi da rangwame a kasuwar duniya, ya kuma fanshe asararsa a farashin kayan da ya kawo. Ke nan ƙasar ta yi hasara ta fuska biyu, kuma da wuya wani ya iya bin diddigin lissafin. Wannan na cikin laifuffukan da waɗanda suka kifar da gwamnatin suka lissafa.

3.0 Muhawarar Kanta

Babangida ya hau mulki ranar 27 ga Agusta 1985, shi ne kuma soja na farko da ya kira kansa Shugaban Ƙasa. A jawabinsa na farko ya yi alkawarin warware takaddamar da ke tsakanin Nijeriya da IMF, ya kuma naɗa Dokta Kalu Idika Kalu, tsohon ma'aikacin Bankin Duniya, ministan kuɗi. Mai lura ya san inda aka dosa tun daga nan. Duk da haka aka buɗe fagen muhawara.

Masu goyon bayan bashin ba su da yawa, galibinsu ma'aikatan banki ne da wasu masana tattalin arziki. Hujjarsu ita ce, naira ta riga ta faɗi a kasuwar bayan fage, inda dala ke tsada ninki uku ko huɗu a kan farashin gwamnati. Wanda ke cin moriyar farashin gwamnati, in ji su, shi ne mai hanyar samun lasisin shigo da kaya, wanda sau da yawa ba ya shigo da komai, sai dai ya sayar da takardar. Wannan hujja gaskiya ce, kuma masu adawa ba su ba ta amsa yadda ya kamata ba.

Masu adawa kuwa su ne ƙungiyar ƙwadago da ɗalibai da malaman jami'o'i da matan kasuwa da malaman addini, har da masu masana'antu da ke tsoron kayan waje. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce, karya darajar kuɗi na amfanar ƙasar da ke da kayan sayarwa iri-iri. Nijeriya kuwa fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da take fitarwa mai ne, farashinsa da dala ake yanke shi, yawansa kuma ƙungiyar OPEC ke ƙayyadewa. Masana'antun ƙasar da injinan waje da kayan gyaran waje suke aiki. Saboda haka faɗuwar naira ba za ta ƙara ganga ɗaya a kan abin da ake sayarwa ba, sai dai ta ƙara tsadar duk abin da ake saye. Dokta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello ya faɗaɗa irin wannan ra'ayi a littafinsa Nigeria Against the IMF na 1986, inda ya nemi a gina tattalin arziki a kan kasuwar cikin gida.

Sai dai abin da ya fi tasiri a zukatan talakawa ba waɗannan hujjoji ba ne. Kalmar bashi ce, da kuma rashin yarda da shugabanni. Mutumin da ya ga yadda aka yi da kuɗin mai a Jamhuriya ta Biyu ba ya buƙatar masanin tattalin arziki ya gaya masa inda sabon rance zai tafi. Ga kuma kishin ƙasa: yaya Bature zai zauna a Washinton ya tsara mana farashin kananzir? Da aka taƙaita maganar a kan a karɓa ko kada a karɓa, amsar ta riga ta fito tun kafin a fara. Ranar 12 ga Disamba 1985 Babangida ya sanar da cewa an fasa karɓar bashin, ya ƙara da cewa tun da an ƙi, to wajibi ne 'yan ƙasa su shirya sadaukarwa. Jama'a suka yi murna da rabin farko na maganar.

4.0 Ba Cinya Ba, Ƙafar Baya

Kasafin kuɗin 1986 ya ɗaga farashin litar fetur daga kwabo 20 zuwa kwabo 39 da rabi. A tsakiyar shekarar farashin ɗanyen mai ya faɗi ƙasa da dala 10 kowace ganga, a ƙarshen watan Yuni kuma aka ƙaddamar da shirin gyaran tattalin arziki da kowa ya sani da SAP, aka ce na gida ne, na shekara biyu. A ƙarshen Satumba aka fara gwanjon kuɗin ƙasashen waje a Babban Bankin Nijeriya, ƙarƙashin gwamnansa Alhaji Abdulkadir Ahmed. A gwanjon farko dala ta tashi daga kimanin naira ɗaya da rabi zuwa sama da naira 4. Aka soke lasisin shigo da kaya, aka rushe hukumomi shida masu sayen amfanin gona. Sharuɗɗan nan uku duk sun cika. Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 452, IMF kuma ya sa albarka a farkon 1987, abin da ya buɗe hanyar ɗage lokacin biyan tsofaffin basussuka. Gwamnati ta cika alkawarinta ta fuska ɗaya kawai, wato ba ta taɓa kuɗin asusun ba.

Adalci ya sa a faɗi cewa akwai waɗanda shirin ya amfana. A nan ƙasar Yarabawa, tsofaffin manoman koko ba sa ambaton SAP da irin ɗacin da tsohon ma'aikacin masaƙa na Kakuri ke ambatonsa. Da hukumar koko ta gushe, kuɗin da manomi ke karɓa da naira ya ninka sau da yawa, har wasu da suka bar gona suka koma. Manoman hatsi na Arewa su ma sun ɗan samu kasuwa, saboda hana shigo da shinkafa da masara a 1985 da alkama a 1987, ko da yake wannan hani ya saɓa wa ruhin shirin. A Maraɗi da Damagaram kuwa, inda sefa ke ɗaure da kuɗin Faransa, kayan Nijeriya sun zama arha, fetur ya riƙa tsallaka iyaka ba dare ba rana, har zuwa lokacin da aka karya sefa da rabi a Janairu 1994.

Mai albashi ne ya ɗauki kayan. Malamin makaranta da akawu da ɗan sanda suka wayi gari albashinsu bai kai mako biyu. Likitoci suka nufi Saudiyya, malaman jami'a suka watse, ɗakunan karatu suka daina sayen littattafai da mujallun waje; wanda ya leƙa kantocin laburaren jami'o'inmu zai ga shekarar da jerin mujallu da dama suka tsaya. A Afrilu 1988 ƙarin kwabo biyu da rabi a kan litar fetur ya haddasa zanga-zangar da ta faro daga Jami'ar Jos. A Mayu 1989 wata ta ɓarke daga Jami'ar Benin ta bazu zuwa Ikko da wasu garuruwa, aka yi asarar rayuka. Da lauya Gani Fawehinmi ya shirya taron neman madadin SAP a watan Yuni na wannan shekara, sai aka kama shi aka kai shi kurkukun Gashuwa. Gwamnatin da ta gayyaci muhawara a 1985 ita ce ta haramta ta a 1989.

5.0 Ina Laifin Yake?

Masu kare Babangida kan ce ya gaji baitulmali wayam, kuma duk wanda ke kan kujerar a 1986 dole ya saki naira. A ganina wannan haka yake. Hanyar Buhari ta dogara ne da farashin man da bai daɗe ba ya rushe, kuma da wuya ta kai ƙarshen wannan shekara. Amma sakin naira sau ɗaya daban yake da barin ta tana zamewa shekara bakwai. Kuɗin ƙasa ba ya tsayawa sai gwamnati ta daina kashe abin da ba ta da shi. Tun daga kasafin 1988 aka sake buɗe bakin aljihu: ginin Abuja, da yaƙin Laberiya, da shirin miƙa mulki wanda har ofisoshin jam'iyyu biyu gwamnati ta gina a ƙananan hukumomi. Babban Banki ya riƙa cike giɓin, wato ana ƙara yawan naira alhali dala ba ta ƙaru ba. Bankuna suka tashi daga kimanin 40 zuwa kimanin 120 a farkon shekarun 1990, da yawansu ba su da sana'ar da ta wuce sayen dala a gwanjo su sayar wa 'yan canji. Cinikin lasisi da aka ce an kashe ya dawo da sabuwar riga. A Maris 1992 dala ta tsallaka daga wajen naira 10 zuwa 18. A 1994 kwamitin Dokta Pius Okigbo ya gano cewa dala biliyan 12.4 sun bi ta wasu asusu na musamman tsakanin 1988 da 1994, ciki har da rarar man da aka samu lokacin rikicin Tekun Fasha, kuma mafi yawansu an kashe su a kan abubuwan da ba su ne kan gaba ba. Tsoron da talaka ya nuna a 1985 ya tabbata, ko da ba a karɓi bashin ba.

Masu adawa ma suna da nasu kason. Sun san abin da ba sa so, amma ba su fito da amsar yadda za a raba dalar da ta yi ƙaranci ba tare da an koma hannun masu lasisi ba. Da Janar Sani Abacha ya ɗaure dala a kan naira 22 a 1994, alhali a kasuwa ta kai wajen 80, sai aka ga wanda farashin gwamnati ke amfana, hauhawar farashin kaya kuma ta haura kashi 70 cikin 100 a 1995. A wannan shekara Nijeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, a 1997 aka ɗage hanin shigo da yadi, kuma cikin shekara goma manyan masaƙun Kaduna suka rufe ɗaya bayan ɗaya.

Buhari ya dawo a matsayin zaɓaɓɓen shugaba a 2015 da irin ra'ayinsa na 1984: ya yi ta turjiya a kan karya naira, ya kuma sake rufe iyakoki a Agusta 2019. Wanda ya gaje shi, Bola Ahmed Tinubu, ya janye tallafin fetur ranar da aka rantsar da shi, 29 ga Mayu 2023, ya kuma saki naira a watan Yuni. Dala ta tashi daga kimanin naira 460 zuwa sama da 1,500 a Fabrairu 2024. A wannan karon ba a kira kowa muhawara ba.