Wasan Tafin Hannu: Daga Kyoto Zuwa Gusau

A ranar 21 ga Afrilu, 1989, kamfanin Nintendo na birnin Kyoto a Japan ya fito da wata 'yar na'urar wasa mai suna Game Boy, wadda injiniya Gunpei Yokoi ya jagoranci ƙirarta. Allonta ba launi, ƙarfinta kuma bai taka kara ya karya ba, amma batir huɗu kan ɗauke ta dogon lokaci. Da kamfanin Sega ya kawo Game Gear mai launi a 1990, wadda kan lanƙwame batir shida cikin 'yan sa'o'i, sai masu saye suka zaɓi juriya a kan ƙawa, kuma wannan hukunci na kasuwa shi ya shata hanyar duk abin da ya biyo baya.

A 1993 Takashi Tezuka na Nintendo da abokan aikinsa suka zuba labarin wasan Zelda cikin Game Boy. Jarumi Link, wanda jirginsa ya tarwatse a teku, ya farka a tsibirin Koholint, ya shiga neman mafita da takobi da garkuwa. Nan aka tabbatar cewa doguwar tatsuniya mai dodanni da kogunan ƙarƙashin ƙasa tana iya zama cikin aljihu, a ajiye ta yau a ɗora gobe.

Ƙasar Zamfara ba ta wannan ƙofa ta shiga harkar ba. A shekarun da Gusau ta zama babban birnin jiha, daga 1 ga Oktoba, 1996, abin da ya fi yawa a hannun yara shi ne gem mai araha ɗan China na jera bulo, kwaikwayon Tetris da Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a 1984. Bayan wayar salula ta fara aiki a Nijeriya cikin Agustan 2001, sabis ya riƙa bazuwa har Tsafe da Bunguɗu, sai wasan maciji na wayar Nokia ya karɓi ragama. Daga nan wayar ta zama na'urar wasan talaka, mai cajin waya da janaretonsa kuwa ya zama abokin tafiya.

A watan Maris 2017 Nintendo ya fito da na'urar Switch tare da wasan Zelda mai suna Breath of the Wild, a Yunin 2019 kuma ya sanar cewa ci gaban labarin na tafe, ba suna ba rana. Jiran ya yi tsawo. Ana cikinsa ne, a farkon Satumban 2021, hukuma ta katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara saboda 'yan bindiga, har ya zama wasan da ba ya neman intanet ne kaɗai ke buɗewa. An sa ran fitowar ci gaban labarin a 2022, amma a watan Maris na shekarar Eiji Aonuma na Nintendo ya fito ya ba da haƙuri, ya ɗage.

Ci gaban labarin, mai suna Tears of the Kingdom, ya fito ranar 12 ga Mayu, 2023, aka sayar da kwafi miliyan 10 cikin kwana uku, a kan dala 70 a Amurka. Kwana 17 bayan haka aka cire tallafin fetur a Nijeriya, a Yuni kuma aka saki darajar naira, sai kuɗin wasan da kuɗin caji suka tashi tare a Gusau.