Kosfile: Mene ne Shi, Kuma Yaya Ake Tsara Kayansa?

Jama'a, iyaye da yawa a Agege, Idi-Araba da Sabon Ibadan suna ganin 'ya'yansu na yanka kwali da soso, wai suna haɗa kayan kosfile. Shi ya sa na tattaro bayaninsa a wuri ɗaya, don amfanin iyaye da matasan da ke son shiga harkar.

Ma'anarsa da asalinsa

Kosfile shi ne mutum ya yi shigar wani tauraro na fim, katun, littafin zane ko wasan kwamfuta, ya kwaikwayi tafiyarsa da tsayuwarsa. A Japan aka ƙirƙiro kalmar a farkon shekarun 1980, kuma ana danganta ta da wani marubuci, Nobuyuki Takahashi. Amma al'adar ta girmi sunan. Tun 1939, a taron masoya ƙagaggun labaran kimiyya a New York, Forrest Ackerman da Myrtle Douglas suka fito cikin shiga ta musamman. Birnin Nagoya na Japan yana karɓar babban taron kosfile na duniya tun 2003. A nan gida kuwa akwai Lagos Comic Con, wanda Ayodele Elegba ya fara a 2012.

Mu ma abin ba baƙo ba ne gare mu. Duk wanda ya yi tashe yana yaro ya san gemun auduga da tumbin tsumma. Bambancin shi ne, a kosfile ana so shigar ta dace da ainihin hoton tauraron, har maɓalli.

Tsari kafin almakashi

Abin da na fi gani yana kayar da sababbi shi ne gaggawa. Kafin ka sayi ko yadi ɗaya, tara hotunan tauraron ta gaba, ta baya da ta gefe. Sannan ka rubuta kayan ɗaya bayan ɗaya: riga, wando, takalmi, ɗamara, hular gashi, abin riƙewa a hannu. A gaban kowanne ka sa ɗaya daga cikin uku: zan saya, zan gyara wanda nake da shi, ko zan haɗa da kaina. Sau da yawa rigar gwanjo daga Yaba, in aka rage ta aka sauya mata maɓallai, ta wadatar.

Daga nan sai ka ƙirga baya daga ranar taro. Ka fara da abin da ya fi wuya, ka bar makon ƙarshe don gwaji da gyara kawai. A kasafin kuɗi kar ka manta da ƙananan abubuwa irin su zare, zip, gam, reza da kuɗin mota, don su ne ke cinye aljihu a ɓoye. Shawarata ita ce kowane aiki ka koyi sabuwar fasaha guda ɗaya tak. Wanda ya ce zai koyi ɗinki, sulke da gyaran gashi a wata ɗaya, ƙarshenta ba ya gama ko ɗaya.

Fasahohin da ake koya

Ɗinki shi ne tushe. Ka fara yanka samfurin a akoko ko tsohon zanen gado, ka gwada a jiki, ka gyara, kafin ka taɓa yadi mai tsada. Yadi kuwa ga Balogun da Oshodi a Legas, ga Gbagi a Ibadan.

Na biyu shi ne sulke da kwalkwali. Da sosan roba da ake kira EVA ake yin su, irin wanda ake sa wa a tafin silifa. Mai kaurin milimita 5 zuwa 10 shi ne na jikin sulke, mai milimita 2 kuma na ado. Don fitar da samfuri, a naɗe hannu ko ƙirji da leda, a bi da tef, a zana layuka a kai, a yanke a hankali, a shimfiɗa a kan takarda. Soson ana yanka shi da reza mai kaifi, a ɗumama shi da injin hura zafi har ya yi laushi, a lanƙwasa, in ya huce sai ya tsaya a haka. Gam ɗin masu gyaran takalmi ake amfani da shi: a shafa wa ɓangarorin biyu, a jira ya sha iska, sannan a haɗa. Kafin fenti sai an shafe soson da farin gam na kafinta sau biyu ko uku, in ba haka ba zai shanye fentin. Masu neman waɗannan kaya su leƙa wajen masu sayar da kayan takalmi a Mushin, ko Ariaria a Aba.

Kuma malaman suna nan a unguwa. Telan layinku ya san yanka, baduku ya san fata da ɗinkin hannu, mai gyaran takalmi ya fi kowa sanin halin gam. Ka je da ladabi, ka biya su haƙƙinsu, za ka koyi abin da bidiyon YouTube ba zai nuna maka ba.

Sutura da mutunci

Ba dole sai an bayyana jiki ba. A Malesiya da Indonesiya mata Musulmi suna yin kosfile da hijabinsu, suna zaɓar mai launin gashin tauraruwar su naɗa shi ya yi kama da gashin. Ana iya tsawaita hannun riga, a sassauta ɗinki, shigar ba ta lalace ba. Wanda ke da shakka kan wata siffa ta fuskar addini, ya tambayi malaminsa kafin ya kashe kuɗi.

Abin kiyayewa

Warin gam da fentin feshi yana cutar da ƙirji, don haka a yi aikin a waje, nesa da wuta da yara. Sulken soso yana riƙe zafi, ga kuma gumin Legas, saboda haka a bar ƙofofin iska, a riƙa shan ruwa.

Babban gargaɗina shi ne wannan: dokar Najeriya ta hana farar hula sanya kakin soja, don haka a guji shigar da ta yi kama da shi. Bindigar wasa ko takobin soso a sa a jaka, kar a fito da su sai cikin zauren taro. Kun dai san yadda shingen bincike yake ga matashin Arewa a Kudu. A sa kayan a wurin taron, a cire su a can, a dawo gida lafiya.