Me ya sa fim ɗin Oliver! ya shiga ran jama'a?

Fim ɗin Oliver!, wanda aka fitar a Birtaniya a shekarar 1968, yana cikin fina-finan waƙe-waƙe da suka fi farin jini a duniya, duk kuwa da cewa labarinsa na yunwa ne da maraici da kisan kai.

An samo labarin ne daga littafin Oliver Twist na Charles Dickens, wanda aka riƙa bugawa kashi-kashi a wata mujalla daga 1837 zuwa 1839.

Dickens ya yi amfani da littafin wajen sukar dokar matalauta ta 1834, wadda ta sa ake tsugunar da gajiyayyu a gidajen ƙwadago, ga aiki mai tsanani ga ƙarancin abinci.

Shi kansa ya ɗanɗani talauci, domin yana ɗan shekara 12 ya shiga aiki a masana'antar man goge takalma, a shekarar da aka ɗaure mahaifinsa saboda bashi.

Lionel Bart ne ya mayar da littafin wasan dandamali mai waƙoƙi a birnin London a 1960, daga bisani Carol Reed ya jagoranci shirya fim ɗin.

Babban abin da ya jawo masa ƙauna shi ne yadda ya rage ɗacin littafin ba tare da ya ɓoye wahalar ba.

Mai kallo yana ganin maraya Oliver ya miƙa kwanonsa yana roƙon ƙarin abinci, kuma aka hukunta shi a kan haka. Amma waƙoƙin, masu saukin hardacewa, sun sa iyaye na iya kallo tare da 'ya'yansu.

Sauyi mafi girma ya shafi Fagin, tsohon da ke koya wa yara yankan aljihu.

A littafin, mugu ne da aka yanke wa hukuncin rataya, kuma an daɗe ana sukar Dickens da nuna ƙyamar Yahudawa ta yadda ya siffanta shi.

Bart da Ron Moody, wanda ya fito a matsayin Fagin, dukkansu Yahudawa ne, kuma sun mayar da shi tsoho mai ban dariya da ban tausayi, wanda ya tsira a ƙarshe.

Sai dai ba a sassauta komai ba: Bill Sikes ya kashe Nancy, matar da ta yi ƙoƙarin ceton Oliver, kamar dai yadda yake a littafin.

Wasu masu sharhi dai na ganin raye-rayen sun yi wa talauci kwalliya.

Duk da haka, a bikin Oscar na 1969, fim ɗin ya lashe lambobin yabo biyar, ciki har da ta gwarzon fim, kana aka ba Onna White, wadda ta tsara raye-rayen, lamba ta musamman.