Gida ko Asibiti? Tarihin Wurin Haihuwa a Ƙasar Kazaure da Babura

Mai karatu, in kana da kaka ko wata dattijuwa a gida, gwada yi mata wannan tambayar yau: "Iya, a ina kika yi haihuwar fari, kuma wa ya karɓa?" Ni dai na yi wa tawa kakar, wadda ta yi zaman aure a wani ƙauye tsakanin Roni da Gwiwa. Dariya ta fara yi, sannan ta ce, "Karɓa, sai ka ce wani kaya? A ɗakin uwata na durƙusa, daga ni sai Allahna. Sai da aka ji kukan jariri aka aika kiran ungozoma."

Da na ɗauka a zamaninsu ungozoma ce ke tsaye a kan mai naƙuda, yanzu kuma malamar asibiti ta gaje ta. Ashe ba haka abin yake ba. Tambayar da muke yi yau, wato "gida ko asibiti?", sabuwa ce a ƙasarmu. In ka bi tarihinta za ka ga abin da ke ceton mai haihuwa shi ne hannun da ya ƙware, da magani da jini a kusa, da isa wurin a kan lokaci. Ginin kansa bai taɓa ceton kowa ba.

Ɗakin uwa da ungozomar da ke zuwa daga baya

A tsarin gargajiya, mai cikin fari takan koma gidan iyayenta goyon ciki tun kafin watan haihuwa ya kama. Ba ita ke zaɓar wurin ba, al'ada ce ta riga ta zaɓa mata. Idan naƙuda ta taso, kunya ke mulki, musamman a haihuwar fari. Wadda ta yi raki za ta sha gori, wadda ta daure ta haihu shiru ita ce jaruma. Shi ya sa mata da yawa kan ɓoye naƙudar har ta yi nisa.

Aikin ungozoma yakan fara ne bayan ɗa ya faɗo. Ita ke yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta wanke jariri, ta gasa masa cibi, ta taimaka da wankan jego har zuwa suna. Za ka ga wannan tsari a littafin Baba of Karo na Mary Smith, wanda ya fito a 1954, da kuma binciken da Lewis Wall ya yi a yankin Malumfashi ya wallafa a 1988.

Tsarin nan yana da alherinsa, kar mu raina shi. Mai jego tana samun hutun kwana arba'in da abinci mai kyau, ga mata kewaye da ita. Inda ya gaza shi ne ranar da haihuwa ta zo da gardama. Idan ƙugu ya yi wa kan ɗa kaɗan, ko jini ya ɓalle, ko jijjiga ta kama mace, abin da ke hannu bai wuce rubutu da jiƙe-jiƙe ba, wani lokaci kuma yankan gishiri, wanda kan ƙara ɓarna. Ba banza ba Bahaushe ya ce kabarin mai jego a buɗe yake har ta yi arba'in.

Kuma al'adar ba ta kau ba. Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2008 ta nuna kusan haihuwa ɗaya cikin biyar a Nijeriya an yi ta ne ba kowa a wurin, kuma kusan dukansu a Arewa.

Asibiti ya zo, amma ba don masu haihuwa ba

A zamanin Turawa, masarautar Kazaure tana ƙarƙashin Lardin Kano ne. Abin da talaka ya sani shi ne ɗakin shan magani na En'e, inda malamin asibiti namiji ke wanke gyambo yana ba da maganin zazzaɓi. Wace matar kulle za a kai wa namiji baƙo tana naƙuda? Babban asibiti kuwa yana birnin Kano, kusan kilomita 80 daga Kazaure. Mutumin Roni ko Gwiwa sai ya ratsa duwatsu da rafukan damina kafin ya hau babbar hanya, na Babura kuma can bakin iyakar Nijar sai ya yi fama da yashi, a kan jaki ko amalanke.

Saboda haka asibiti ya zama wurin da ake zuwa bayan dabarar gida ta ƙare. Mace ta kwana biyu ko uku tana naƙuda, a kai ta a galabaice, ta rasu a can ko a yi mata aiki a ciro ɗa ba rai. Labarin da zai koma ƙauye shi ne "an kai ta asibiti ta mutu". Gobe in wata ta shiga irin wannan hali, sai a ƙara jinkiri. Tsoro ya haifi jinkiri, jinkirin ya dawo ya ƙara tsoro.

A yi adalci kuma, ko a Turai asibiti bai fara da zama wurin tsira ba. A babban asibitin birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, kafin 1847, kusan mace ɗaya cikin goma ke mutuwa da zazzaɓin bayan haihuwa a ɓangaren da likitoci da ɗalibansu ke aiki, fiye da ninki biyu na ɓangaren ungozomomi. Wani likita, Ignaz Semmelweis, ya gano daga ɗakin fiɗar gawa suke zuwa su taɓa masu naƙuda. Da ya tilasta wanke hannu da ruwan kulorin, mutuwar ta faɗi warwas. A Suwidin kuwa, tun kafin 1900 aka rage mutuwar masu haihuwa sosai alhali yawancinsu a gida suke haihuwa, domin an horar da ungozomomi horo na ilimi an baza su karkara. Sai daga shekarun 1930, da aka samu magungunan kashe ƙwayoyin cuta, da allurar tsayar da jini, da ƙarin jini, da tiyata mai tsafta, sannan asibiti ya yi wa gida fintinkau.

Abin da Zariya ta nuna

Hujja mafi ƙarfi daga ƙasar Hausa ta fito ne daga asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. Tsakanin 1976 da 1979, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa suka bi diddigin haihuwa 22,774 a jere, aka wallafa sakamakon a 1985. Kusan mace ɗaya cikin kowace ɗari ta rasu. Amma da aka rarrabe su sai abin mamaki ya fito. Matan da suka yi awon ciki suka zo haihuwa da lafiyarsu, mutuwa a cikinsu kaɗan ce ƙwarai. Waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba, sai da abu ya ɓaci aka kawo su, su ne mafi yawan mamatan, da rata mai ninki goma-goma. Ƙananan 'yan mata masu cikin fari da matan da suka yi haihuwa da yawa su suka fi shiga haɗari.

Ka lura fa, asibiti ɗaya ne, likitocin ma su ne dai. Bambancin kawai lokacin da mace ta iso.

A Zariyar dai, a shekarun 1970, likitoci Davidson da Parry suka danganta ciwon zuciyar da ke kama masu jego da yawan shan kunun kanwa da tsananin zafin wanka da gashi. A Katsina kuma, tun shekarun 1980 likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya shiga ɗinke dubban mata masu yoyon fitsari a asibitin Babbar Ruga, yawancinsu doguwar naƙuda ce ta jawo musu.

Duniya ta gwada, ta sake shawara

Bayan taron Alma-Ata na 1978, an ga kamar hanya mai sauƙi ita ce a koya wa ungozomar gargajiya tsafta a ba ta jaka mai reza da sabulu. An yi haka a ƙasashe da yawa, har da nan Arewa. Ya taimaka wajen tsaftar cibiya, amma mutuwar iyaye mata ba ta ragu yadda aka yi fata ba. Dalilin a fili yake: sabuwar reza ba ta tsayar da jinin da ya ɓalle, ba ta fito da ɗan da ya gicciye.

A 1987 aka yi taron Nairobi kan ceton masu haihuwa. A 1994 wasu masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, suka fito da bayanin jinkiri uku: jinkirin yanke shawara a gida, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa asibiti. Zuwa ƙarshen shekarun 1990, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaya a kan cewa kowace haihuwa tana buƙatar ƙwararriyar ma'aikaciya a wurin, tare da hanyar tura mace gaba in abu ya fi ƙarfinta. Ƙiyasin da ake aiki da shi shi ne kusan kashi 15 cikin 100 na masu ciki za su gamu da matsala mai iya kisa, kuma awo ba ya iya nuna dukansu tun da wuri. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe lafiyayyar mace cikin awa biyu.

Jigawa da jinkirin nan uku

An ƙirƙiri Jihar Jigawa a 1991. A 2007 ta kafa tsarin lafiya na Gunduma, wanda ya haɗa ƙananan asibitoci da manya ƙarƙashin gundumomi tara, Kazaure na cikinsu, kafin daga baya a sauya tsarin. Shirin Haihuwa Lafiya ya shiga ƙauyuka da motoci da faɗakarwa, aka kuma jawo direbobin tasha cikin aikin ɗaukar masu naƙuda na gaggawa. A 2008 ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aiki a asibitin Jahun kan haihuwa mai matsala da yoyon fitsari. A 2009 gwamnatin tarayya ta fara tura ungozomomin zamani karkara. Daga 2012 shirin Women for Health ya ɗauki 'yan matan ƙauye ya shirya su shiga makarantun kiwon lafiya, don mace ta tarar da 'yar garinsu mai jin yarenta a ɗakin haihuwa. Yau a Babura kanta akwai makarantar koyon wannan aiki.

Abin ya motsa, amma da saura. Ƙididdigar 2018 ta nuna kashi 39 cikin 100 na haihuwa a Nijeriya ne aka yi a asibiti, Arewa maso Yamma kashi 16, Jigawa kuma kusan ɗaya cikin biyar, daga ƙasa da ɗaya cikin goma a 2013.

Jinkiri na uku ma ana taɓa shi, kuma daga kusa da mu. A wasu asibitoci goma na Jihar Kano, da aka fara amfani da allurar magnesium sulphate daga 2008, mutuwar masu jijjiga ta sauko daga kusan kashi 20 zuwa ƙasa da kashi 3. A 2023 aka wallafa binciken E-MOTIVE, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Nijeriya. Wata leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mace don a ga ainihin jinin da ta zubar, sai a haɗa mata magungunan gaba ɗaya ba tare da jira ba. Mummunar zubar jini ta ragu da kashi 60.

To, yaya za a zaɓa?

Kar a ɗauka duk inda aka kafa allon asibiti an tsira. Akwai ƙaramin asibitin da in dare ya yi sai kwaɗo a ƙofa, akwai wanda ba wuta ba ruwa, akwai kuma ma'aikaciyar da tsawarta kan sa mace ta rantse ba za ta koma ba. Waɗannan koke-koke gaskiya ne. Don haka in ke ce mai cikin, ko kai ne maigidan, ku yi waɗannan tambayoyi tun a wurin awo:

Wa ke kwana a ɗakin haihuwa, kuma ungozomar zamani ce ko nas mai horo? Akwai allurar tsayar da jini da ta jijjiga a ajiye? In ana buƙatar aiki ko ƙarin jini, ina ake turawa, kuma tafiyar minti nawa ce zuwa babban asibitin Kazaure ko na Babura, da rani da kuma da damina? Wane direba za a kira da ƙarfe biyun dare? Wa zai ba da jini a dangi? In maigida ya tafi cin rani, ya bar izini da kuɗin mota a hannun wa?

Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar a je awo sau takwas. Mai cikin fari, da ƙaramar yarinya, da wadda ta haura haihuwa biyar, da mai tagwaye, da mai hawan jini ko ƙarancin jini, da wadda aka taɓa yi wa aiki, su kam babban asibiti ya kamata su nufa tun naƙuda na farawa. Ungozomar unguwa kuma ba a kore ta ba. Ita ce ta fi kowa saurin jin labarin naƙuda, ita za ta iya cewa "ku tashi mu tafi", ta raka mace, ta dawo ta ci gaba da hidimar jego.

Da na zayyana wa kakata duk wannan, shiru ta yi, sannan ta lissafa mini ƙawayenta uku da suka tafi a kan gwiwa. Ta ce a lokacinsu ba su da wurin zuwa. Mu muna da shi, saura mu shirya tun ciki na ƙarami, don ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya raba kowace mai ciki lafiya.