Ƙerana da Asalin Sunan Euphorbia

Ƙerana tsiro ce mai ƙaya da kaurin jiki, wadda ake shinge da ita a arewacin Kamaru, daga kwarin Binuwai har duwatsun Mandara. Baƙi kan kira ta kaktus, amma ba shi ba ce. Dangin kaktus kusan duk daga nahiyar Amurka suka fito. Ita ƙerana, da tinya da aguwa da nonon kurciya, dangi ɗaya ne da masana tsirrai ke kira Euphorbia, kuma shaidarsu ita ce farin ruwa mai kama da madara da ke tsattsafowa in an yanke su. A yawancinsu ruwan nan dafi ne, yana ƙona fata, in ya shiga ido yana iya makantarwa.

Sunan ya samo asali ne daga wani likita Bagirke, Euphorbus, wanda ya yi wa Juba na Biyu aiki, sarkin da ya hau gadon Mauretaniya, a arewacin Afirka, shekara 25 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Marubucin Rum, Pliny, ya ruwaito cewa an gano wani tsiro mai magani a duwatsun Atlas, sai sarki ya raɗa masa sunan likitansa don girmamawa. A Girkanci, ma'anar sunan ita ce wanda ya samu kiwo mai kyau, wato ƙosasshe, kuma ya dace da tsiron da ke tara ruwa a jikinsa ya ƙetare rani. A 1753 Carl Linnaeus, ɗan Suwidin, ya tabbatar da sunan ga dangin duka, wanda yau ya kai kimanin iri 2,000.

Tun kafin Turawa su ba ƙerana suna, mutanen arewacin Kamaru sun san darajarta. Mazauna duwatsu da gindinsu sun riƙa kewaye garuruwa da ganuwar ƙayoyi, har da waɗannan tsirrai, don tare mahara a kan dawaki, abin da masanin Faransa Christian Seignobos ya yi nazari a kai. Wannan hikima ta cancanci a rubuta ta kamar yadda aka rubuta tarihin ganuwar Kano.

A zamanin mulkin Jamus a Kamaru ne, a 1904, masanin tsirrai Ferdinand Pax ya sa wa ƙerana suna Euphorbia kamerunica. Daga baya N. E. Brown na lambun Kew a Ingila ya bayyana wata da sunan Euphorbia garuana, don tunawa da garin Garwa na Kamaru. Masana sun gano tsiro ɗaya ne, saboda haka sunan Pax, wanda ya riga fita, shi ake amfani da shi.