Tsakanin Kaɗanya da Aduwa: Nazarin Itatuwan Ƙasar Danko a Zamanin Sauyin Yanayi

Duk wanda ya taso daga Sakkwato ya nufi Zuru, in ya lura da bakin hanya, zai ga daji yana canja tufafi a gabansa. Da farko aduwa ce da magarya da sabara da goruba, itatuwa masu ƙaya ko ƙananan ganye, waɗanda suka saba da ƙishirwa. Yana ƙara yin kudu, ƙasa ta fara tudu da duwatsu, sai kaɗanya da ɗorawa da marke su yawaita, can kuma a ci karo da maje da doka da madobiya. Ruwan sama ne ya tsara wannan jeri. Sakkwato na samun abin da bai cika wuce milimita 700 a shekara ba, ƙasar Zuru kuwa tana haura 1,000. Danko, ɗaya daga cikin masarautu biyar na ƙasar Zuru a jihar Kabi tare da Dabai da Fakai da Sakaba da Wasagu, tana zaune a inda dajin arewa da na kudu suke musafaha.

Abin da matafiyin ya gani ɗan yanki ne na wani tsari da ya game duniya. Tun tafiyar da Bajamushe Alexander von Humboldt ya yi a nahiyar Amurka daga 1799 zuwa 1804, masana suka lura cewa nau'o'in tsirrai da dabbobi suna ƙaruwa in an doshi tsakiyar duniya mai zafi da ruwa, suna raguwa in an doshi ƙanƙara ko hamada. A Afirka ta Yamma zafi bai bambanta sosai daga wuri zuwa wuri ba, don haka tsawon damina ne ke yanke hukunci. A kan haka ne masanin tsirrai R. W. J. Keay ya kasa Nijeriya shiyya-shiyya a tsakiyar ƙarni na 20: Sahel, dajin Sudan, dajin Gini na arewa da na kudu, sannan kurmi. Taswirar tasa har yau ita ake koyarwa a makarantu, kamar layukan nan kafaffu ne. Alhali kuwa tafiya suke yi.

Wurin da ke kan iyaka shi ke fara jin motsin. Itacen da ke tsakiyar mazauninsa yana da rarar ruwa da zai jure shekara biyu ko uku na fari. Wanda ke can gefen arewa na mazauninsa, kamar doka ko maje a ƙasar Danko, da ƙyar abin da yake samu ke isar sa. Farin 1968 zuwa 1974, da wanda ya biyo baya a 1983 da 1984, sun gwada haka a faɗin yankin. Wani masani mai suna Patrick Gonzalez ya bi ƙauyuka 135 a arewa maso yammacin Senegal yana tambayar dattawa waɗanne itatuwa suka sani a wajajen 1945, waɗanne suka rage a 1993. Ya tarar kusan kashi ɗaya cikin uku na nau'o'in sun ɓace daga kewayen ƙauyukan, kuma waɗanda suka tafi su ne masu son ruwa, masu 'ya'yan ci, aka bar masu ƙaya. Shiyyoyin dajin sun gusa wajen kilomita 25 zuwa 30 zuwa ɓangaren da ya fi laima. Senegal ba Kabi ba ce, amma ɗamarar daji ɗaya ce ta ɗaure su, kuma darasin ya shafe mu kai tsaye: kafin daji ya mutu, sai ya fara talaucewa.

An ce ai ruwa ya dawo tun shekarun 1990, kuma gaskiya ne. Sai dai bai dawo da halinsa na da ba. Binciken da Christopher Taylor da abokan aikinsa suka buga a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun 1982. Ruwa yakan zubo da yawa a dare ɗaya, ya kwashe ƙasar sama ya zarce rafi, sannan a yi kwanaki ana kallon sama. A ƙasa mai gangare irin ta Zuru wannan zaizaya ce tsantsa. Ga kuma zafi: 2024 ce shekara mafi zafi da aka taɓa aunawa a duniya, kuma a watan Afrilunta garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5. Babban itace mai dogon saiwa yana iya shanye wannan. Ɗan tsiro mai wata shida ba ya iyawa. Shi ya sa za a ga gona cike da tsofaffin kaɗanyu amma babu ƙanana a ƙarƙashinsu, kamar gari mai dattawa ba yara.

Duk da haka, zalunci ne a ɗora wa sama laifin gaba ɗaya. A ganina gatari ya fi yanayi sauri a wannan ƙasa. Martin Brandt na Jami'ar Kopenhagen da tawagarsa sun yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam, suka buga wani sakamako a 2018 da ya kamata kowane malamin gona a Zuru ya sani. A can arewa mai ƙarancin ruwa, gonaki sukan fi dajin da ke kewaye da su itatuwa, domin manomi yana tattalin gawo da kuka. A shiyyar da ta fi ruwa kuwa, abin ya juye: inda aka buɗe gona, itace raguwa yake yi. Danko a kashi na biyu take. Dalilan a fili suke. Jama'a sun ƙaru, saurar da ake bari ta huta shekaru ta gajarce ko ta ƙare, kuma a saura ne 'ya'yan kaɗanya da ɗorawa suke samun sukunin girma. Garmar shanu da tarakta ba sa son kututture. Maganin feshi da ke kashe ciyawa ba ya bambanta ta da ɗan itace. Sannan ga buhunan gawayi a bakin titi, waɗanda mafi tsadarsu daga ƙirya da marke da ita kanta kaɗanya ake yi, domin su ne masu nauyi da daɗewar wuta.

Labarin madobiya ya isa misali na yadda kasuwar nesa ke shigowa har cikin dajinmu. Makiyaya sun san ta da ganyen da ke ceton shanu a ƙarshen rani, masassaƙa sun san ta da jan katako mai ƙwari. Da masu ƙera kujerun alfarma a Sin suka ƙare irin wannan katako a kudu maso gabashin Asiya, sai suka juyo Afirka ta Yamma, cikin 'yan shekaru Nijeriya ta shiga sahun gaba wajen fitar da shi. A 2016 aka sa madobiya cikin jerin yarjejeniyar CITES mai taƙaita cinikin halittun da ke cikin haɗari, a 2018 aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya. Itacen da ya ɗauki shekaru masu yawa yana girma, injin yanka yakan kayar da shi kafin a gama shan fura.

Mai karatu zai iya cewa, in dai akwai inuwa da itacen girki, mene ne abin damuwa don nau'i goma sun koma biyar? Kaɗanya ce za ta ba da amsa. Ba ta fara 'ya'ya sai ta shekara 15 zuwa 20, kuma furenta yana bukatar ƙudan zuma da danginsu. Wani bincike da Aoife Delaney da Jane Stout na kwalejin Trinity da ke Dublin suka jagoranta a kudancin Burkina Faso, aka buga a 2020, ya gano cewa kaɗanyar da ke kewaye da itatuwa da ƙananan tsirrai iri-iri ta fi samun ziyarar ƙudan zuma, kuma barbarar furenta ta fi cika. Dalili kuwa, kaɗanya ɗan lokaci take fure a cikin rani, sauran watannin dole ƙudan su sami abinci a wasu itatuwan. Ke nan manomin da ya share komai ya bar kaɗanya kaɗai ya rage mata haihuwa da hannunsa, kuma asarar a kan matan da ke tsintar ƙwara su yi man kaɗe take faɗawa, kamar yadda rashin ɗorawa ke taɓa mai kalwa da daddawa. Wannan shi ne abin da nake so a riƙe: hoton sama zai iya nuna ƙasa kore shar, alhali a ƙasa an yi asarar rabin abin da ke cikinta.

Ɓangaren dabbobi ya fi ban tausayi. Jean-Marc Thiollay ya ƙirga tsuntsaye a hanyoyin Burkina Faso da Mali da Nijar a wajajen 1970, ya sake bin hanyoyin bayan shekara talatin da 'yan kai, ya tarar manyan ungulaye sun ragu da kashi 98 cikin ɗari a wajen gandayen da ake tsaro. Ita ma ungulun mahauta, wadda da ba a rasa ta a kasuwa, tun 2015 tana cikin jerin masu dab da ƙarewa. Zakin Afirka ta Yamma, a binciken 2014, kimanin 400 ne suka rage, a wurare huɗu kacal, biyu a Nijeriya: Yankari da gandun Tafkin Kainji. Rahoton majalisar masana ta IPBES na 2019 ya ce nau'i kusan miliyan ɗaya ne ke fuskantar ƙarewa a duniya. Dazuzzukan da ya kamata su zame wa dabbobin wannan yanki mafaka, Kuyambana a Zamfara da Kamuku a Birnin Gwari, sun zama maɓoyar 'yan bindiga, kuma mutanen ƙaramar hukumar Danko/Wasagu sun biya da rayukansu da gonakinsu. Babu mai yi wa wanda aka kora daga ƙauyensa wa'azin gawayi. Kuma inda 'yan gudun hijira suka taru a gefen gari, nan ne itace ke fara ƙarewa.

Maganin da hukumomi suka fi sabawa da shi shi ne dashe. Kabi na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Katangar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, tana kuma cikin shirin ACReSAL na dala miliyan 700 daga Bankin Duniya. Ba na raina wannan ƙoƙari. Amma in abin da ake rabawa darbejiya ce da turare, baƙin itatuwa daga Indiya da Ostareliya, to an ƙara inuwa ne, ba a mayar da daji ba. Catherine Parr da abokanta sun yi gargaɗi a 2024 cewa filin da ya kai girman Faransa a dazuzzukan ciyawa na Afirka yana cikin haɗarin dashen da bai dace da shi ba. Hanyar da ta fi kusa da mu tana Maraɗi. Daga 1983 Tony Rinaudo da manoman yankin suka koma ga kututturan da ke toho a gona: a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, a sassabe saura, a kare su. Sassabin zamani suke kiran sa, kuma ya farfaɗo da kusan hekta miliyan biyar a Nijar. Saiwar da ta riga ta kai ga laima ta fi ɗan dashen leda jure bazara, kuma abin da zai fito ɗan ƙasa ne. Ƙasar Danko, da ruwanta ya fi na Maraɗi nesa ba kusa ba, ta fi dacewa da wannan dabara, muddin manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, ba na malamin daji ba.

Akwai kuma gadon gida. Kurmin Girmace a Zuru, da itatuwansa da kadojinsa, al'ada ce ta tsare shi tun kafin a san dokar gandun daji. Ko mutum bai yarda da aƙidar da ke bayansa ba, zai yarda cewa irin waɗannan wurare, da tsofaffin maƙabartu da kan duwatsu da bakin rafuka, su ne rumbun irin da ya rage. Yarjejeniyar Kunming da Montreal ta 2022 ta ɗauki alkawarin kare kashi 30 cikin ɗari na ƙasa da ruwa kafin 2030, ta kuma yarda a lissafa wuraren da al'umma ke tsarewa da kansu.

Sai dai ba a kare abin da ba a rubuta ba. Yawancin bayanan halittu da ke rumbunan duniya daga Turai da Arewacin Amurka suka fito, shi ya sa taswirorin duniya suke wuce irin su Danko da fenti ɗaya. J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa tun 1916. Irin wannan aiki ake bukata da C'lela da Fulatanci da sauran harsunan ƙasar Zuru, kuma hanyar Gonzalez ba ta bukatar kuɗi mai yawa: littafi, alƙalami, da ladabin zama gaban tsoho. Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru da Jami'ar Jiha da ke Aliero suna da ɗaliban da suka fito daga waɗannan ƙauyuka. In kowannensu ya yi amfani da lokacin bikin Uhola, sa'ad da Lelna, masu harshen C'lela, ke komawa gida bayan girbi, ya zauna da maharba da masu magani da mata masu tsintar kaɗanya, ya tambayi abin da ke nan kafin farin 1973 da abin da ya rage yau, za a sami ma'aunin da za a gwada shekaru masu zuwa da shi. Waɗanda suka ga wancan dajin da idon balaga yanzu sun haura shekara saba'in.