A Goge ko A Bari? Tarihin Kwarzane a Jikin Agogon Ƙarfe

A watan Nuwamba na 2016, a wani gwanjo da kamfanin Phillips ya gudanar a birnin Janiba, an sayar da wani agogon hannu ƙirar Patek Philippe a kan faran miliyan 11 na ƙasar Suwizalan. Babu zinariya a jikinsa, babu lu'ulu'u. An ƙera shi a 1943 da ƙarfe marar tsatsa, dangin wanda ake yin cokali da shi, kuma guda huɗu kaɗai aka san da su na irinsa. A irin wannan kasuwa, cikin tambayoyin farko da mai saye kan yi game da tsohon agogon ƙarfe akwai wannan: an taɓa goge shi? In an ce e, farashinsa kan sauka. Shekaru hamsin da suka wuce, mai agogo godiya zai yi in aka dawo masa da shi yana sheƙi. Kafin a gane yadda al'amarin ya juye, sai an san asalin ƙarfen.

A watan Agusta na 1913, a birnin Sheffield na Ingila, wani masanin ƙarafa mai suna Harry Brearley yana neman ƙarfen da zai jure zaizayar da zafi ke yi wa cikin bututun bindiga. Ya narka wani gauraye mai kashi 12.8 cikin ɗari na sinadarin kuromiyam, sai ya lura cewa ruwa da tsami ba sa cin sa kamar yadda suke cin baƙin ƙarfe. Da yake Sheffield gari ne na maƙeran wuƙaƙe, a wuƙar teburi aka fara cin moriyarsa. A daidai wannan zamani injiniyoyin kamfanin Krupp na Jamus suna aiki a kan wani gauraye mai kuromiyam da nikel. A 1924 kuma W. H. Hatfield, magajin Brearley a ɗakin bincike, ya fito da haɗin kashi 18 na kuromiyam da kashi 8 na nikel, aka shiga sayar da shi da sunan Staybrite.

Abin da ke kare wannan ƙarfe wata siririyar fata ce da ido ba ya gani. Kuromiyam kan haɗu da iskar oksijin ya shimfiɗa ta a saman ƙarfen, kuma in aka karce ta, nan take sabuwa ke fitowa. Shi ya sa kwarzane ba ya jawo tsatsa. Sai dai jure tsatsa ba shi ne tauri ba. Nau'in 316L da akasarin masu ƙera agogo ke amfani da shi bai kai ƙwayar yashi tauri ba, don haka yashi ke cin sa. Ƙurar hunturu da ke sauka a Kano ko Damagaram tana ɗauke da irin waɗannan ƙwayoyi, kuma wanda ya share agogonsa da busasshen hankici a wannan yanayi, samfefa ya bi shi da ita bai sani ba.

Agogon hannu ya zama kayan maza ne bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda sojoji suka ga wahalar laluben agogon aljihu a cikin ramukan yaƙi. Jikin agogo a lokacin na zinariya ne, ko azurfa, ko wani ƙarfe mai araha da aka yi wa rufin nikel. Maƙera ba su yi marhabin da sabon ƙarfen ba, saboda yana ƙara tauri yayin da ake sarrafa shi, yana kuma cinye bakin kayan aiki. Karyewar tattalin arzikin duniya bayan 1929 ce ta tilasta musu. Masu sayen zinariya suka ragu, kamfanonin Suwizalan suka koma ga Staybrite a shekarun 1930. Agogon ƙarfe ya zama na soja, da matuƙin jirgi, da malamin ofis. Kayan aiki ne, kuma ba wanda ke ganin laifin mai gyara in ya ɗora jikinsa a kan injin goge duk lokacin da aka kawo wankin inji.

Sauyin ya faro ne daga masu zane. A Japan, kamfanin Seiko ya fito da agogon Grand Seiko 44GS a 1967, mai shimfiɗaɗɗun fuskoki kamar madubi da kusurwoyi masu kaifi. Salon gogewar da ake kira Zaratsu ya samo sunansa daga yadda Japanawa ke furta Sallaz, sunan kamfanin Turai da ya ƙera injinan da suka saya a shekarun 1950. A 1972 kuma Audemars Piguet ya gabatar da Royal Oak, zanen Gérald Genta: agogon ƙarfe da ya fi agoguna da dama na zinariya tsada. Kuɗinsa na aikin hannu ne, domin an jera fuskoki masu siraran layuka gefe da gefe da masu ƙyalli, kowace da iyakarta. Tun daga nan darajar agogon ƙarfe ta koma kan siffarsa, kuma siffa ce abin da injin goge ke fara ci.

Dalilin kuwa shi ne, kwarzane rami ne, kuma goge ba ya cike rami. Abin da yake yi shi ne kankare ƙarfen da ke kewaye har ya sauko daidai da gindin ramin. Sau ɗaya ba a cika ganin bambanci ba. In aka maimaita sau biyar ko shida cikin shekara arba'in, kusurwoyi su daƙushe, ƙahonnin da ke riƙe maɗauri su sirance, ɗaya ya fi ɗaya, lamba da rubutun bayan agogo su dushe. Da masu tara tsofaffin agogo suka yawaita, suka koyi gane wannan da ido. A watan Oktoba na 2017 an sayar da Rolex Daytona na ɗan wasan fim Paul Newman a New York kan kusan dala miliyan 17.8. Shi ma na ƙarfe ne, kuma a bayansa akwai ɗan gajeren saƙon da matarsa, Joanne Woodward, ta sa aka zana tana jan kunnensa ya yi tuƙi a hankali. Irin wannan rubutu ne goge ke shafewa.

Zamani ya kawo hanya ta uku. Da waldar leza, ƙwararren mai gyara kan ɗiga narkakken ƙarfe irin na agogon a cikin ramin, sannan ya daidaita wurin, ba tare da ya rage jikin ba. Wannan ma ya haifar da nasa saɓani tsakanin masu tarawa, domin agogon da aka yi wa haka yana iya kama da wanda ba a taɓa ba, kuma gaskiyar mai sayarwa ce kaɗai ke raba su.

Akasarinmu ba gwanjo za mu kai agogonmu ba, amma shawarar iri ɗaya ce. A fara da wanke jikin da ɗan ruwan sabulu da burushi mai laushi, in agogon na jure ruwa, domin wani abin da ake zaton kwarzane ne datti ne kawai. Karcen da farce ba ya maƙalewa a cikinsa, a kan fuska mai ƙyalli, ƙyallen goge ƙarfe ya ishe shi. Fuska mai layuka kuwa ana bin layukanta ne ta gefe ɗaya, bayan an rufe maƙwabciyarta da tef, don in aka murza ta da man ƙyalli layukan sun tafi. Agogon da aka yi wa rufin zinariya ko na baƙi kada a taɓa shi, rufin zai fita. Wanda farce ke maƙalewa a cikinsa aikin ƙwararre ne.

In kuwa agogon na mahaifinka ne da ka gada, ka faɗa wa mai gyara tun kafin ya buɗe shi cewa wankin inji kaɗai kake so. Injin da ya tsaya ana iya tada shi ko bayan shekara talatin, amma ƙarfen da aka kankare ya riga ya zama ƙura a kan teburin mai gyara.